Zunubi da Tuba a Koyarwar Kirista: Gafarar Allah da Haƙƙin Maƙwabci

Da wuya a sami Kiristan da ya tashi a Zariya, Jos, Kano ko Maraɗi wanda bai taɓa jin wannan tambaya daga abokin karatu ko maƙwabcin rumfa a kasuwa ba: tunda kun ce Yesu ya mutu domin zunubanku, ke nan kowa sai ya tafka abin da ya ga dama, ai an riga an biya? Wasu don zolaya suke yin ta, wasu kuwa da gaske suke neman sani. Tambayar ta girme mu duka. Manzo Bulus da kansa ya ɗauko ta a babi na 6 na wasiƙarsa zuwa ga Romawa, ya ƙaryata wannan fahimta da kakkausar murya, domin a wurinsa zunubi bauta ce, kuma wanda aka 'yanta ba shi da dalilin komawa gidan bauta da ƙafarsa. Amma tunda har yau ana yin tambayar, lalle akwai abin da masu yin ta suke gani a zamanmu. Suna ganin mutumin da ya cuci jama'a ranar Asabar, ya zubar da hawaye a majami'a ranar Lahadi, ya fito wasai, waɗanda ya cuta kuwa suna nan da cutarsu.

Kafin a kai ga tuba, sai an san abin da ake tuba daga gare shi. Kirista ya yarda sata, zina, kisa da shaidar zur zunubi ne, kamar yadda Dokoki Goma suka nuna a Fitowa babi na 20. Sai dai bai tsaya nan ba. Yana ganin waɗannan ayyuka 'ya'ya ne na wata cuta da ta fi su zurfi, wato juya wa Allah baya da ɗora kai a gurbinsa. Labarin Adamu da Hawwa'u a Farawa babi na 3 ya nuna yadda abin yake tafiya: shakka game da nufin Allah, sha'awar zama mai yanke wa kai abin da yake nagari da mugu, sannan miƙa hannu ga 'ya'yan itacen da aka hana su. Abin da ya biyo baya ya fi cin 'ya'yan itacen ban tsoro. Suka ɓuya. Da aka tambayi Adamu, ya tura laifin kan matarsa, har ya shafa wa Allah da ya ba shi ita. Ita kuma ta tura kan maciji. A babi na gaba, ɗansu Kayinu ya kashe ƙanensa Habila a saura. Tsara ɗaya tak ke tsakanin rashin biyayya ga Allah da zubar da jinin ɗan'uwa, kuma marubucin bai jera su haka a banza ba.

Yesu ya ƙara tura maganar ciki. A Huɗubar Kan Dutse ya haɗa kisa da fushin da ke haifar da shi, ya haɗa zina da kallon sha'awa. A Markus babi na 7 ya koyar cewa abin da ke ƙazantar da mutum daga zuciyarsa yake fitowa. A Matiyu babi na 25 kuwa, waɗanda aka hukunta a ranar shari'a ba a tuhume su da sata ko kisa ba. Laifinsu shi ne sun ga mai yunwa, baƙo, majinyaci da ɗan kurkuku, suka wuce abinsu. Wannan ya rushe kwanciyar hankalin mai cewa ni dai ban taɓa kowa ba.

To, daga ina wannan karkata ta zuciya ta samo asali? A nan ne aka yi muhawara mafi zafi, kuma a Afirka aka yi ta. Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya rayu daga 354 zuwa 430. A littafin da ya bayyana laifuffukan rayuwarsa, ya daɗe yana juya wani abu da kowa zai ɗauka wasan yara ne: yana ɗan shekara 16, shi da abokansa suka kakkaɓe bishiyar wani maƙwabci da dare, suka kwashi 'ya'yanta suka watsa wa aladu. Ba yunwa yake ji ba, akwai waɗanda suka fi su daɗi a gidansu. Ya gano cewa haramcin abin ne ya ja shi, ya so ɓarnar don ita kanta. Daga irin wannan binciken zuciya, da karatunsa na Romawa babi na 5, ya tsaya a kan cewa 'yan Adam duka an haife su da lalatacciyar ɗabi'a da suka gada, kuma ba mai iya miƙe ta sai da alherin Allah.

Abokin hamayyarsa, Pelajiyus, mutumin Birtaniya ne mai tsantseni wanda ya zauna a Roma, ya ga yadda masu kuɗin birnin suke fakewa da raunin ɗan Adam suna sheƙe ayarsu. Ya ce Allah ba zai umarci abin da mutum ba zai iya ba. Adamu mummunan misali kawai ya bari, kowane jariri yana zuwa da cikakken ikon zaɓar nagarta. Majalisar bishop-bishop ta Kartaj, kusa da Tunis ta yau, ta yi tir da koyarwarsa a 418. Ina ganin damuwar Pelajiyus gaskiya ce, har gobe muna fama da masu fakewa da "ai mu 'yan Adam ne". Amma maganinsa ya fi cutar nauyi. Duk wanda ya taɓa rantsuwa zai bar giya, ko caca, ko dukan matarsa, ya kuma tsinci kansa ciki bayan mako biyu, ya san abin da Bulus yake kuka a kai a Romawa babi na 7, inda ya kwatanta mutum mai son nagarta amma hannunsa na aikata akasinta. Gaya wa irin wannan mutum cewa ya ƙara ƙoƙari kawai, tura shi ne ga fid da zuciya.

A wannan gaɓa Kirista da Musulmi suka rabu, kuma gara a faɗe ta a fili. A Musulunci Annabi Adamu ya yi kuskure, ya tuba, aka gafarta masa, zancen ya ƙare a kansa. Kowane yaro a kan tsarkin halitta ake haihuwarsa. Su ma Kiristoci ba bakinsu ɗaya ba a kan abin da aka gada. Ikilisiyoyin Gabas sun fi cewa mutuwa da raunin ɗabi'a muka gada, laifin Adamu nasa ne. Katolika suna koyar da cewa zunubin asali hali ne da aka tarar, ba laifin da jariri ya aikata ba. Mabiyan Luther da Kalbin sun fi kowa jaddada zurfin lalacewar. Abin da ya haɗa su shi ne ba wanda zai tsaya a gaban Allah da nasa adalcin. Amfanin wannan koyarwa, in an riƙe ta da gaskiya, shi ne tana karya girman kai. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani; misalin Bafarisiye da mai karɓar haraji a Luka babi na 18 an ba da shi ne domin masu tsayawa a kan wannan tudu.

Sakamakon zunubi a koyarwar Kirista yana farawa da rabuwa da Allah, wadda Littafi Mai Tsarki yake kira mutuwa tun mutum yana numfashi, kuma in ba a tuba ba tana kai wa ga hukunci na har abada. Katolika suna bambanta zunubi mai kisa da ƙaramin zunubi: na farkon sai abin ya kasance babba, mai yin ya san girmansa, kuma ya yi da ganganci. Yawancin Furotesta ba su yarda da wannan rabo ba, suna tsoron kada a raina wani zunubi. Amma sakamakon da ya fi koyar da mu shi ne wanda ake gani da ido, kuma ba inda aka zana shi kamar tarihin Sarki Dawuda a littafin Sama'ila na biyu, daga babi na 11.

Dawuda ya aika aka ɗauko masa Batsheba, matar Uriya, ɗaya daga cikin amintattun sojojinsa, alhali mijin yana bakin daga. Da ciki ya bayyana, ya kira Uriya gida don a rufe asiri. Da dabarar ta ƙi, ya rubuta wasiƙa a sa shi inda yaƙi ya fi zafi a janye a bar shi, kuma Uriya ne ya ɗauki wasiƙar da hannunsa. Annabi Natan ya zo da labarin wani attajiri mai garke da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta wani matalauci ya yanka wa baƙonsa. Dawuda ya fusata ya yanke hukunci, sai Natan ya nuna masa cewa kansa ya yanke wa. Sarki bai kawo uzuri ba, ya amsa laifinsa nan take, aka kuma shaida masa an gafarta masa. Zabura ta 51 ana danganta ta da wannan tuba. Duk da haka jaririn ya mutu. Amnon, ɗan Dawuda, ya yi wa 'yar'uwarsa Tamar fyaɗe, uban ya yi fushi amma bai hukunta shi ba. Da wane baki zai yi? Absalom, wani ɗan Dawuda, ya sa aka kashe Amnon, daga baya ya yi wa uban tawaye, shi ma ya mutu a yaƙin. An yafe wa Dawuda, Uriya kuwa bai tashi ba. Wanda ya saki shanunsa cikin gonar maƙwabci, ko an yafe masa, geron bana ya riga ya tafi.

Sai dai a yi hattara da juya wannan magana baibai. Cewa zunubi yana jawo wahala ba ya nufin kowace wahala daga zunubin mai shan ta take. Littafin Ayuba gaba ɗaya amsa ce ga wannan zato, kuma a ƙarshensa abokan da suka dage cewa lalle ya yi wani laifi su ne aka tsauta wa. A Yahaya babi na 9 almajirai sun tambaya ko laifin wane ne aka haifi wani makaho, nasa ko na iyayensa, Yesu ya kore duka biyun. A Luka babi na 13 ya ce mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Ezekiyel babi na 18 ya kawar da zancen ɗa ya ɗauki hukuncin laifin uba. Da wannan duka, abin takaici ne a ji mai wa'azi yana gaya wa matar da ba ta haihu ba, ko iyayen yaro mai ciwon sikila, cewa la'anar kakanni ce ke bin su, su kawo baiko na musamman a karya ta. Wannan ɗora wa mai rauni kaya ne, kuma shi kansa zunubi ne da ke bukatar tuba.

Game da yadda gicciye yake kawar da zunubi, Sabon Alkawari ya yi magana ta hanyoyi da dama: hadaya, fansar bawa, nasara a kan mutuwa, sulhu tsakanin maƙiya. Anselm na Kantabari, wajen 1098, ya bayyana shi a matsayin biyan bashin da mutum ya ci amma Allah kaɗai ke da ikon biya. Malamai sun yi ta jayayya a kan wace hanya ta fi dacewa, amma sun haɗu a kan cewa gafara kyauta ce, ba a sayenta da aiki. Uban ɗan nan mubazzari na Luka babi na 15 ya sheƙa da gudu ya tare shi tun yaron bai gama jawabin da ya shirya ba.

Tuba ita ce hannun da ke karɓar wannan kyauta, kuma ta wuce nadama. Yahuza Iskariyoti ya yi nadama, har ya mayar da azurfa 30 ɗin da aka biya shi don ya ba da Yesu, ya furta cewa ya ci amanar marar laifi, sannan ya rataye kansa. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a dare ɗaya, ya yi kuka mai zafi, amma ya koma cikin 'yan'uwa ya jira, aka kuma maido shi. Laifin Bitrus bai yi wani sauƙi ba. Inda kowannensu ya kai baƙin cikinsa ne ya bambanta. Bulus ya yi wannan rarrabewa a Korantiyawa ta biyu babi na 7, tsakanin baƙin cikin da ke kai mutum ga Allah da wanda ke hallaka shi. Fastocin da ke zama da matasa masu tunanin kashe kansu saboda abin kunya sun san cewa wannan magana ce ta rai da mutuwa.

Yadda ikilisiya take karɓar mai tuba ya sauya sau da yawa. A shekara ta 250 Sarki Desiyus na Roma ya tilasta wa kowa yin hadaya ga gumaka, Kiristoci da yawa suka faɗi. Da wuta ta lafa suka dawo suna ƙwanƙwasa ƙofa, ikilisiya ta rabu: wasu suka ce a buɗe kawai, wasu suka ce har abada ba su da wuri. Bishop Sifiriyan na Kartaj ya bi tsakiya, a karɓe su bayan doguwar tuba a bainar jama'a. A 390, bayan sojojin Sarki Tiyodosiyus sun karkashe dubban mutane a Tasalonika, Bishop Ambros na Milan ya hana sarkin Jibin Ubangiji har sai da ya tuba a fili. Daga baya sufayen Ayalan suka yaɗa al'adar furta zunubi a asirce ga firist, kuma a 1215 babbar majalisar Lateran ta huɗu ta wajabta wa kowane Katolika yin haka aƙalla sau ɗaya a shekara. Da abin ya lalace har ana sayar da takardun sassaucin horo, Martin Luther ya fito da batutuwansa 95 a 1517, na farkonsu kuwa yana cewa tuba aikin dukan rayuwar mai bi ce. Majalisar Tirent, wadda ta zauna daga 1545 zuwa 1563, ta hana cinikin, ta kuma tabbatar da cewa mai tuba yana bukatar nadama, furci da gyara. Furotesta suka riƙe furci kai tsaye ga Allah, tare da horon ikilisiya ga laifin da ya fito fili.

Gyaran nan shi ne abin da muka fi sakaci da shi, alhali Littafi Mai Tsarki bai yi wasa da shi ba. Dokar Fitowa babi na 22 ta sa ɓarawon tunkiya ya biya huɗu, na sa ya biya biyar. Littafin Firistoci babi na 6 ya ce wanda ya ci amana ko ya yi ƙwace ya mayar da abin, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, sannan ya kawo hadayarsa. A lura da jerin: mai haƙƙi tukuna, bagade daga baya. Yesu ya maimaita wannan jeri a Matiyu babi na 5, inda ya umarci mai kawo baiko da ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa ya ajiye baikon ya je su shirya. Yahaya Mai Baftisma bai sallami masu karɓar haraji da sojoji da addu'a kawai ba, ya hana su karɓar fiye da ƙa'ida da ƙwace da sharri. Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, ya yi alkawarin rabin dukiyarsa ga matalauta da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta, a ranar ne kuma Yesu ya shaida ceto ya shigo gidansa. Musulmi mai karanta wannan zai gane shi sarai, domin malamansa ma sun sa mayar da haƙƙin mutane cikin sharuɗɗan tuba. Mayarwar ba ta sayen gafarar Allah. Ita ce shaidar cewa zuciyar ta juyo da gaske.

Idan aka auna horon da ake yi a majami'unmu da wannan ma'auni, za a ga gurguwar tafiya. Yarinyar da ta yi ciki ba aure ana sanar da sunanta, a cire ta daga ƙungiyar mawaƙa, a hana ta Jibin Ubangiji, ta zauna a bencin baya wata da watanni. Sau da yawa wanda ya yi mata cikin ba a ko ambace shi. Mutumin da ya cinye gonar marayun ɗan'uwansa, ko ya danne albashin ma'aikatansa, ko ya karɓi kuɗin kwangilar asibiti bai aza bulo ɗaya ba, yana zaune a gaba, shi ake kira ya buɗe gidauniyar gini. Wasiƙar Yakubu babi na 5 ta yi magana a kan ladan ma'aikata da aka danne da zafin da ba mu cika ji a wa'azi ba. Horon da ke kama mai rauni ya saki mai ƙarfi ya saɓa wa abin da Natan ya yi a fadar Dawuda da abin da Ambros ya yi wa sarkin Roma. Dietrich Bonhoeffer, faston Jamus da gwamnatin Hitler ta rataye a 1945, ya yi gargaɗi tun 1937 game da alheri mai araha, wato shelar gafara ba tare da neman tuba ba. Akwai kuma ƙarin zalunci: a matsa wa wanda aka cuta ya yafe nan take don a rufe magana, a mai da shi mai laifi in ya nemi haƙƙinsa. Yafewa umarni ne ga Kirista, amma ba ta hana kai ƙara, kuma ba ta tilasta wa matar da ake duka komawa ɗakin da za a kashe ta.

An taɓa ganin tuba mai mayarwa a wannan nahiya. A farkawar ruhaniya da ta tashi daga Gahini ta ƙasar Ruwanda a shekarun 1930 ta bazu zuwa Yuganda, Kenya da Tanganyika, mutane sun riƙa tashi a taro suna furta laifinsu, suna mayar da kuɗi da kayan da suka sata, suna zuwa neman gafarar waɗanda suka ɓata wa. Amma a wannan ƙasa ta Ruwanda, wadda mafi yawan mutanenta Kiristoci ne, aka yi kisan ƙare dangi na 1994, har cikin majami'u irin na Nyamata da Ntarama. Wasu masu bi sun ba da ransu suna ɓoye maƙwabta, wasu kuwa, har da limaman coci, sun sa hannu a kisan. A 2017 Paparoma Francis ya roƙi gafara saboda gazawar ikilisiya da laifin 'ya'yanta a lokacin. Darasin yana da ɗaci: jama'a na iya koyon tuba daga giya da zina, ƙiyayyar ƙabila kuwa ta zauna lafiya a zuciya ba wanda ya kira ta zunubi. Mu da muka ga Kafanchan a 1987, Kaduna a 2000 da Jos a 2001 ba mu da bakin cewa wannan labarin wasu ne.

Saura tambaya mai wuya: abin da ba ya mayaruwa fa? Rai, mutunci, shekarun da aka ɓata wa wani? John Newton, Baturen Ingila, ya fara juyowa ga Allah a 1748 bayan guguwa ta kusa nutsar da jirginsu, amma ya ci gaba da jigilar bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma har 1754. Sai a 1788 ya fito fili ya rubuta irin ta'asar da ya gani ya kuma aikata, ya mara wa masu yaƙi da cinikin baya, ya rasu a 1807, shekarar da majalisar Birtaniya ta haramta shi. Shekara 40 tsakanin juyowar farko da furci a fili jinkiri ne mai muni, kuma ko mutum ɗaya cikin waɗanda ya kwasa bai dawo gida ba. Abin da ya rage masa shi ne ya faɗi gaskiya a kan kansa, ya sa sauran ƙarfinsa wajen toshe hanyar da ya bi.

Muna da irin wannan a gida. Fasto James Wuye na Kaduna ya jagoranci matasan Kirista masu ɗaukar makami, ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992 da ya taso daga Zangon Kataf. Imam Muhammad Ashafa, wanda yake ɗaya ɓangaren, ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a rikicin. Sun haɗu a 1995 suka fara aikin sulhu tare. Wuye ya sha faɗa a bainar jama'a cewa shekaru bayan fara aikin yana nan da ƙudurin kashe abokin tafiyarsa, har sai da wani fasto ya gaya masa cewa ba zai iya wa'azin Almasihu da ƙiyayya a ciki ba. Bayan nan ne su biyun suka taimaka aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta shugabannin addini a Kaduna a 2002, suka kuma shiga tsakanin mutanen Yelwa da Shendam a jihar Filato bayan kashe-kashen 2004.